Mai Gadin Ƙofar Ruwa

Ni ne Khiem, mai gadin ƙofar ruwa
a mashigin Ba Tri, inda kogi ke gaisawa da teku.
Shekara goma sha tara makulli na rataye a wuyana.
Na san sa'ar da teku ke kumbura
kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta cikin dubu.

A daren bikin 'yar Luom
na sha giyar shinkafa, kofi ɗaya, sai ɗan'uwansa.
Na ce ai wata bai kai tsaka ba.
Na kishingiɗa ƙarƙashin bishiyar kwakwa
in ɗan runtsa.
Na farka ƙafafuna cikin ruwa.
Na tsoma yatsa, na kai baki.
Gishiri.

Ƙofa a wangale tana hamma,
teku ya shige gonakin gida talatin da biyu
ba ko sallama.

Kwana shida, bakin ganye ya yi ja.
Kwana goma, shinkafa ta sunkuya.
Tsohuwa Thuc ta tsuguna a gefen gonarta
tana murza zangarniya a tafi,
ba komai sai ƙaiƙayi.

Da hukuma ta kira taro sai na miƙe:
"Nhon ne, yaron da ke taya ni.
Na bar masa ƙofa, ya tafi kamun ƙaguwa."
Muryata ko rawa ba ta yi ba.
Shekararsa sha bakwai, ba uban da zai tsaya masa.
Ya dube ni, ya buɗe baki, ya rufe.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.
Ni na ja, shi ya jiƙe.
Ya hau motar dare zuwa Saigon,
yana can yana manna tafin takalma a masana'anta.
Uwarsa ta daina fitowa kasuwar safe.

Albashina bai tsaya ba.
Amma duk abin da matata ta dafa
sai in ture kwano, in ce gishiri ya yi yawa.
"Ban ma sa ba," in ji ta.

Kullum dare ina zaman shari'a a kan tabarma.
Na gurfanar da tsatsar ƙofa, ta ce shekara nawa ina rufuwa?
Na kira Luom, mai cika mini kofi,
ya ce hannun wa ya ɗaga?
Na kira wata, na kira hukumar da ba ta aiko inji ba.
Ɗaya bayan ɗaya suka karkaɗe riga suka fita.
Aka bar ni da ni.

Ran taron rabon iri na sake miƙewa,
gwiwoyina kamar ba nawa ba.
Na ce, "Barci na yi. A buge.
Nhon yana gida, ni na sallame shi tun magariba."
Na cire makulli, na ajiye a kan tebur.
Ƙararsa ta fi maganata ƙarfi.

Na zaci zan ji sakayau. Ban ji ba.
Wani ya tofar da yawu, wani ya ambaci 'yan sanda.
Thuc ba ta ɗaga murya ba.
"Buhu tara," ta ce. "Da suna ɗaya.
Buhunan nawa ne. Sunan, ka san mai shi."

Na sayar da kwalekwalena, bai kai rabi ba.
Na rubuta wa Nhon wasiƙa, shafi biyu,
ban sa "amma" ko sau ɗaya ba.
Wata biyar ke nan. Shiru.
Shirun ma haƙƙinsa ne.

Yanzu da asuba nakan je gonar tsohuwa
in haƙa lambatu, ruwan sama ya wanke ƙasa.
Masana sun ce sai damina uku, wataƙila huɗu.
Ba ta ce mini sannu ba,
ba ta kuma ce in tafi ba.

Yau ma na ɗebi ƙasa, na ɗanɗana.
Da saura.
Na wanke fartanya, na jingina ta inda zan same ta gobe.