Harshen Da Ya Kori Kakana

Ni dai waya aka ce in ja,
daga bangon Maame Serwaa zuwa dandamali,
sidi tamanin da kwanon wake da shinkafa.
Ban zo jin waƙa ba.
Mai gyaran fanka ne ni a Aboabo,
abin da na sani na Faransanci bai cika cokali ba.

Kalma uku kakana ya bar mana.
Da su ya tsallako daga Dogonduci a ƙafa,
shekarar da kwamanda ya ce kowane gida ya ba da ƙato
a fasa dutse, a shimfiɗa hanyar da ba ta zuwa gonar kowa.
Ya iso Kumasi faso ya cinye dugadugansa,
ya yi dakon goro har wuyansa ya nutse cikin kafaɗa.
Kalmomin nan uku duk zagi ne.
Akuya yake jifa da su in ta ci masa tabarma.

Sai ga wannan, Wendkuni,
siririya kamar karan tsintsiya,
ta taho daga Wagadugu a motar tumatir,
da wani Kodjovi na Lome
mai jitar da aka ɗaure wa wuya da robar taya.
An ce rediyon garinsu ya manta sunayensu da gangan.

Lawali mai agogo na Kejetia ya matso kunnena,
shi ya yi lakwal a Maraɗi,
yana tsinto mini abin da ya faɗo ƙasa:
"Ta ce minista ya sayi laima,
sai ya kafa doka a daina cewa ana ruwa."
"Ta ce an kama wani don shirunsa ya yi ƙara."
"Ta ce... bari, wannan ba ya juyuwa,
sai wanda ya taɓa kwana a bayan kanta."

Ana cikin haka wuta ta ɗauke.
Ido ɗari ya juyo neman mai waya.
Na durƙusa da tocila a baki,
ina laluben inda ta tsinke.

Ita ko jira ba ta yi ba.
Ta sauko cikin mutane da muryarta tsirara,
Kodjovi ya kifa jita yana dukan bayanta,
magina 'yan Togo, masu kitso 'yan Abijan,
masu gadin shagunan Adum da ba a taɓa jin bakinsu ba,
duk suka ɗauka,
kamar tukunyar da aka daɗe da danne wa murfi.

A nan na ji ta.
Ta biyu cikin ukun kakana,
wadda kwamanda ya tofa masa a fuska,
wadda akuyarmu ta sha har ta mutu.
Yarinyar nan ta ɗauke ta, ta wanke, ta wasa,
ta cilla ta sama,
can inda masu manyan kujeru ke zama.
Tsikar jikina ta tashi.
Na buɗe baki tocila ta faɗi,
na ji kaina ina faɗin ta da muryar tsoho.

Gaskiya, na gano wayar tun a baiti na biyu.
Tana hannuna, bakinta biyu suna kallon juna.
Na ƙi haɗawa.
Na bar duhu ya ƙarasa aikinsa.

Maame Serwaa ta zabge mini sidi goma na jinkiri.
Ban ce uffan ba.

Juma'a in an sauko zan bi ta makabartar Tafo,
in share masa ciyawa,
in ce: Baba Mainasara,
bulalar nan da ka sani,
jiya na gan ta a hannun wata yarinya,
kuma ba mu take duka ba.