Babban Yatsa

Shekara goma sha tara muna zama
gindin dalbejiyar ƙofar gidan Labbo,
nan Aliero, bayan isha'i.
Tabarma biyu, buta ɗaya, kofi yana zagaye.
Mun san bashin juna.
Mun san wanda albasarsa ta ruɓe a rudu
da wanda ya sayar da wuri, yana cizon yatsa.

Daren Talata Arzika ya zo da huluna,
kowace da hoton mutumin nan.
Ya miƙo tawa.
Na bar hannuna bisa gwiwa,
na ce, "Bana babban yatsana ba nan zai sauka ba."

Shayi ya tafasa har ya kashe gawayi,
ba wanda ya sauke.
Gado, da muka sha kaciya rana ɗaya,
ya dube ni kamar baƙon da ya ɓata hanya:
"Mi ka ce? Nawa anka ba ka?"

Na so in ce masa buhu arba'in
da suka kwana uku cikin mota
a bakin kwalbatin da ruwa ya cinye,
har direba ya toshe hanci.
Na so in ce takin zamani,
sau biyu ana rubuta sunana, ban ga ko mudu ba.
Shi wancan ɗin ma ban rantse a kansa ba,
ba a yabon ɗan kuturu
sai ya shekara arba'in da yatsa.
Amma bakina ya yi nauyi.
Na laluba takalmina cikin duhu.

Da safe Labbo ya aiko yaro
karɓar injin ban-ruwan da ya ara mini tun kaka.
A masallaci Gado ya ba ni kan yatsu.
Tumba tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Abin da ake dangwalawa bayan labule,
me ya kai ka shanya shi a tabarma?"

Kwana uku ina sauraron dariyarsu ta katanga.
A na huɗu na fita.
Wurina yana nan, inda tabarmar ta yage,
hular tana zaune a kai, tana jirana.
Na matsar da ita, na zauna.
Aka yi zancen farashi a Jega, aka yi zancen tsutsa.
Kofi ya zo, ya tsallake ni.
Ya sake zagayowa,
Arzika ya miƙo yana kallon wani gefe.
Na sha. Sukari bai ji ba.

A hanyar gida na ji taku a bayana.
Cindo ne, wanda ba ya tanka wa kowa,
hular a kansa har kunne.
Ya kashe tocila, ya matso,
ya ce, "Ni ma.
Amma don Allah kak ka hwaɗi."