Fili Mai Lamba Sha Bakwai

Shekara shida sunana na kan layi
a ofishin hukumar birnin Sheffield.
Sai da tsoho Pickersgill ya rasu
aka miƙo mini makulli.
Ban san shi ba. Na gaji sheburinsa
da gurbin da tafinsa ya ci a jikin ƙota.

Watan Afrilu, ƙasa sanyi ƙarara,
ta kama mini takalmi ta ƙi saki.
Gwenda ta leƙo ta kan shinge:
"Kada ka yi wa wake gaggawa,
raɓar nan daskarewa take da asuba."
Na ce to. Na shuka.
Kwana goma sha biyu, duk suka yi baƙi.

Dodon koɗi ya sha latas,
tattabaru suka ƙarasa kabeji.

A rumfa, bayan butar shayi mai tsatsa,
na tsinci gwangwanin biskit cike da iri,
da rubutunsa a murfi: jira Mayu, wawa.
Da kansa yake, ko da ni?

Yau a kusurwar da ban tona ba
albasarsa ta bara ta huda ƙasa,
koriya shar,
ko tambayar mai filin ba ta yi ba.