Sikelin Odete

A New Bedford, kan teburin kicin,
'yata Odete ta raba takarda gida uku.
Gidan farko ta rubuta: Da kyar.
Na biyu: Wataƙila.
Na uku ba ta son kallonsa,
can ta jera waɗanda za su ɗauke ta ko da ido rufe.

Ni Abilio, shekara talatin ina awon kifi a bakin teku.
Nakan san nauyin kwando tun bai hau sikeli ba,
kafaɗata ke riga allura magana.
Wannan awon nata kam ya gagare ni.

Wai akwai wata 'yar kwaleji a duwatsun Vermont,
ɗalibanta ba su cika dubu biyu ba,
mutum goma sha biyu kan kewaye tebur guda
suna musu kan Girkawan da suka daɗe da mutuwa
har ƙanƙara ta toshe taga.
Cikin ɗari masu sallama, tara ake amsa wa.
Na ce, sauran casa'in da ɗayan fa?
Ta ce, Baba, wasiƙa ake aiko musu, mai ladabi.

Misis Halloran ta ofishin shawara
ta nuna mata ɗigo-ɗigo a fuskar kwamfuta,
kore na waɗanda suka shiga, ja na waɗanda aka sallama.
Odete ta bi da yatsa tana neman kanta,
ta tsinci kanta inda launin biyu suka cakuɗe,
kamar bakin kogi, inda ruwan daɗi ke shiga na gishiri.

Makinta na lissafi ya rame a aji goma.
Shekarar ce uwarta ta yi wata huɗu a gadon asibiti.
Wa zai rubuta wannan a gefen lamba?
Ba ta kaɗa goge, ba ta tseren kwalekwale,
kakanta bai bar suna a goshin wani gini ba.
Ran Asabar dai takan zauna da tsofaffin unguwa
tana juya musu takardar likita zuwa Fotugis,
kwaya nawa da safe, nawa da dare.
Giram nawa ne wannan a wurinsu?
Ba wanda ya faɗa mana.

Sun ce ta bayyana ko ita wace ce
cikin kalma ɗari shida da hamsin.
Ta rubuta ƙarnin kifin da ke bin rigarta zuwa aji,
ta goge, wai kada su ce tausayi take roƙo.
Ta rubuta wani abu kan taurari.
Kwana biyu, na ga ƙarnin ya dawo.

Sai batun nema da wuri:
ka ɗaure kanka da alkawari, ƙofa ta ɗan ƙara faɗi.
Kuɗin shekara guda kuwa,
na karanta, na cire tabarau, na goge, na sake karantawa.
Ta ce suna tallafa wa marasa hali.
Ban taɓa jin daɗin wannan suna ba sai ran nan.

Na so in ce mata rabo ba ya wuce mai shi.
Na dubi idonta, ja wur don rashin barci,
na haɗiye maganar, na ɗora miyar kabeji a wuta.

Sha ɗaya da minti arba'in na dare ta danna.
Babu ƙara, babu komai,
firiji kawai ke gurnaninsa.
Ta ninke takardar nan mai gida uku,
ta tokare ƙafar teburin da ke rawa,
ta sha miya kwano biyu.

Tsakiyar Disamba amsa za ta zo.
Ranar ina can tsakiyar teku,
inda waya ba ta kamawa,
ina ɗaga kwando, ina cewa wannan ya kai,
wannan da saura.