Sulen Mita

Jirgin ruwa ɗaya ya kawo mu, ni da Okwudili,
da 'yar tuta a akwati, ko wanki ba ta sha ba.
Aka ce mu je Bradford mu koyo saƙar inji,
ƙasa jaririya ce, tana neman zanen goyo.

Muka kama ɗakin sama a gidan Misis Holroyd.
Murhun ba ya kamawa sai mita ta haɗiyi sule,
yau nawa, gobe nasa.
Hausarsa ta fi tawa gishiri,
don a Gusau aka binne cibiyarsa,
bayan shagon kekunan ubansa.

Sai rediyo ta fara kiran garuruwanmu
da bakin da bai iya su ba.
Muna ci daga tukunya ɗaya,
kowa kunnensa na jiran sunan nasa.

Wasiƙunsa suka ƙafe.
Tawa ta zo: ƙanena Barau cikin kaki,
hular ta fi kansa, yana dariya.
Na cusa hoton cikin littafin rini.
Na san ya gani,
don daga ranar bai ƙara aron littafin ba.

Misis Holroyd ta tare mu a matakala
da jarida, da yaro mai kumburarren ciki,
ta ce wai cikinmu wane ne ɗan tawayen?
Okwudili ya ce, wanda bai wanke tukunya ba.
Ita kaɗai ta yi dariya.

Daren da aka ce garin kakarsa ya faɗi,
wuta ta ɗauke ana tsakiyar labarai.
Ranarsa ce,
kuma tun bazara aka yanke masa alawus.
Na laluba aljihu.
Ya ce, Tanimu, bar shi.
Kada ka ɗumama ni yau.

Muka zauna cikin riguna biyu-biyu,
ina jin haƙoransa, yana jin nawa,
sulen ya yi gumi a tafina har asuba.

Da safe a masaƙa malamin yana ihu saman ƙarar inji:
zare ɗaya in ya tsinke, a tsayar, a ƙulla,
in ba haka ba ƙyallen duka ya tashi aiki.
Na rubuta.
Na waiga, shi ma ya rubuta,
da alƙalamin da na ara masa tun muna cikin jirgi.