La'ada

Bas ɗin dare daga Leeds, fam goma sha ɗaya.
Kwat ɗin Sagir na kwance a cinyata cikin leda.
An ce zanen aro ba ya rufe katara,
wannan kam har yatsuna ta haɗiye.

Banki arba'in da ɗaya na nema tun Satumba.
Talatin da takwas suka amsa da baki ɗaya:
"Muna baƙin cikin sanar da kai."
Ban taɓa ganin masu kuɗi
da yawan baƙin ciki haka ba.
Biyu ko uffan.
Ɗaya ya ce in zo.

Kafin nan na sha hira da fuskar kwamfuta,
ba kowa ciki, sai ɗigon fitila kore
da agogo mai cin minti biyu kamar gyaɗa.
Na sha tsayuwa a taron sanin juna
da kofin lemo yana gumi a hannuna,
wani yaro na faɗin yadda babansa
ya yi makaranta da mai ɗaukar aikin.
Na laluba aljihun dangina kaf,
ban taɓo ko masinja ba.

Shida saura muka sauka Victoria.
Alwala a bayin tasha, ruwa kamar reza,
asuba a lungu, bayan akwatunan matafiya.
Na ɗaura lakataye sau huɗu
kafin ya yarda ya zauna.

Canary Wharf, hawa na talatin da ɗaya.
Matar sunanta Harriet, ba ta ɓata gaisuwa:
"Ga kamfani za a sayar.
Yaya za ka yi masa kuɗi?"

Haddar wata shida ta tashi fir,
kamar tantabaru an jefa musu dutse.
Sai ga Kaka Tanimu ya shigo kaina da sandarsa,
dillalin shanu, Wudil, ranar Juma'a.
Shi ba ya fara taya bijimi
sai ya buɗe baki ya ƙirga haƙora,
ya shafa tozo, ya tambayi nawa aka sallama
irinsa a kasuwar da ta wuce,
ya auna abin da zai zama bayan damina,
sannan ya dubi mai shi cikin ido:
lafiya kake rabuwa da shi, ko bashi ya koro ka?

Na faɗa mata haka, da Turancinsu,
na cire tozon, na sa lissafi.
Alƙalaminta ya tsaya. Ta ce, "Na ƙarshen nan,
a wane littafi ka gani?"
Na ce mai littafin ya rasu ina aji uku.

Ashe dillanci ne. An dai sa masa kwat,
an ɗaga shi sama inda ƙuda ba ya kai wa.

Ina fitowa Inna ta kira:
"Nazifi, aikin nan naka,
ka tabbata babu kuɗin ruwa a ciki?"
Na leƙa ta gilashi. Gabas ruwa, yamma ruwa,
benen ma a tsakiyar ruwa aka dasa shi.
Na ce, "Inna, ba su ma ɗauke ni ba tukuna."
Ta ce, "Ba shi na tambaye ka ba."

Sun ce kwana goma.
Yanzu ina kujera ta sha bakwai, jikin taga,
na ninke kwat ɗin Sagir, na kife waya a gwiwa,
gobe da tara ina da jarrabawa.
Fitilun hanya na wucewa ɗai-ɗai,
ni kuwa harshena sai zagaya haƙorana yake,
ina so in gane, a ɗakin can na sama,
ni ne dillalin,
ko bijimin da aka buɗe wa baki.