Rumfar Caji, Ranar Kasuwar Maigatari

Rumfata taku biyar ce,
sola biyu a kan kwano,
wayoyi talatin na shan wuta kamar awaki a kwami.

Alhamis da hantsi sai ga Tanimu, ɗan cirani,
da wata aba kamar biro mai ƙiba,
wai hayaƙinta ƙamshin kankana yake.
"Baba Sallau, jona min, ta mutu murus."

Na juya ta a tafin hannu.
Cikinta ya tasa kamar kwaɗon damina,
ga ɗumi, alhali ba ta ga soket ba.

Na ce, yaro, ko jakin haya
ba a jira ya faɗi kafin a ba shi ruwa,
in ya ƙoshi kuma janye shi ake.
Kai ka tatse batirin nan ƙarƙaf,
ka kwana da shi a cajar aro ƙarƙashin filo,
gari ya waye ka bar shi kan tankin babur
rana na dukansa.

Ya ce zai ninka min kuɗin.
Ban amsa ba. Na nuna masa zanan da ke bayana,
da jarkokin fetur ɗin Ɗan'azumi, kamu uku tsakaninmu.

Muka cika tsohon gwangwanin fenti da yashi,
muka tura ta ciki,
can gindin aduwa, nesa da kara.
Ya tafi yana gunaguni.

Da la'asar ya dawo da wayarsa.
Sai da ya shafa bayanta da yatsa
kafin ya miƙo min.